Majemar da ta ƙaura sau biyu: nazarin wani ƙaramin yankin masana'antu a Arewa Mai Nisa

Garin da wannan nazari ya shafa yana cikin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Marwa. Na sakaya sunansa da sunayen mutanen da ke cikin lamarin, domin har yau masallaci ɗaya suke sallah, kuma akwai waɗanda ransu bai gama hucewa ba. Na san abin da ya faru ne saboda ni na riƙe wa ƙungiyar majeman garin littafin shiga da fitar kuɗi na tsawon shekaru.

Asalin matsalar

Fulatanci ne harshen kasuwa a garin, amma fawa da jima da dukanci suna hannun Hausawa tun kaka da kakanni, har Sarkin Fawa yana da mazauninsa a fadar Lamiɗo. Majema sun kai gida talatin, ramukansu jere a bakin mayo, wato rafin nan da ke tumbatsa da damina ya koma yashi zalla da rani. Aikin kamar yadda suka gada ne: a jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka da farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare, a wanke, a tsoma ta a ruwan bagaruwa ana juyawa kwana da kwanaki, a shafa mata man gyaɗa, a shanya a inuwa. Ruwan da aka gama da shi kuwa a kwarara shi mayo.

A da wannan bai dami kowa ba, don fatun kaɗan ne kuma majemar a bayan gari take. Sannu a hankali gari ya faɗaɗa har ya kewaye ramukan. Gishiri ya shigo sana'ar, saboda bayan Babbar Sallah fata kan yi yawa fiye da abin da ramuka za su ɗauka, sai a barbaɗe ta da gishiri a jibge ta watanni. Daga baya kuma fatake suka kawo hodar cire gashi, sinadarin salfaid, mai yin aikin kwanaki cikin dare ɗaya. Duk wannan a mayo yake ƙarewa, mayon da mata ke tona yashinsa su ɗebi ruwa da rani, kuma a gangarensa ne rijiyoyin masu lambun albasa suke.

2012 zuwa 2014: ambaliya da yanka fili

A watannin Agusta da Satumba na 2012 arewacin Kamaru ya ga ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Mayo ya hau ramukan jima, ya kwashe abin da ke cikinsu ya shigar da shi gidajen unguwa biyu. Bayan ruwa ya janye aka yi makonni ana fama da wari da ƙaiƙayin ƙafa. Ƙara ta kai fada, kuma Lamiɗo da magajin gari suka yanke cewa majema za su tashi.

Ana cikin haka ne gwamnati ta fito da dokoki biyu a 2013. Ta watan Afrilu ta yi wa masu zuba jari rangwamen haraji da kuɗin kwastan, har shekara 5 a lokacin kafa masana'anta da kuma har shekara 10 bayan ta fara aiki. Ta watan Disamba ta tsara yadda za a kafa yankunan tattalin arziki. Sai majalisar garin ta ga me zai hana a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a fitar da majema, kuma a mai da wurin da za a kai su ƙaramin yankin masana'antu, kwatankwacin filayen da hukumar MAGZI, wadda aka kafa a 1971, take kula da su a Garwa da Ngaundare. Filin garin bai shiga ƙarƙashin waccan hukuma ba, na majalisar gari ne kawai.

An yanka eka kusan 15, kilomita 4 daga kasuwa. Ƙasar karal ce, baƙin laka irin wanda ake dasa masakwa a kansa, kuma an zaɓe ta ne don babu mai son yin gini a can. A farkon 2014 aka kafa duwatsun iyaka, aka gina ginshiƙai biyu na ƙofa, aka kafa allo. Ba a haƙa rijiya ba, ba a ja wuta ba, hanyar kuma da an yi ruwa biyu ko amalanke ba ya wucewa.

2014 zuwa 2018: filin da ba kowa

Gida takwas ne suka bi umarni suka koma. Jima sana'ar ruwa ce, su kuwa sai sun sayi ruwa jarka-jarka daga gari. A littafina na wancan lokaci kuɗin ruwa ya cinye kusan duk ribar fatar akuya. Kafin shekara ta zagayo dukansu sun dawo bakin mayo, ba wanda ya ce musu uffan, don kowa ya san ba su da laifi.

Masu jari ma ba su zo ba. Shekarun nan ne rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Banki da Amchide, fatauci da Najeriya ya durƙushe, farashin fata ya faɗi. Fatun shanu da yawa suka koma hannun masu sayen ganda. Makiyaya suka mai da filin wurin kwanan dabbobi.

2019 zuwa 2020: mai jari na farko

A watan Satumba na 2019 gwamnati ta ayyana Arewa Mai Nisa, tare da Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, a matsayin yankunan da tattalin arzikinsu ya tagayyara, da ƙarin rangwamen haraji ga duk wanda ya kafa sana'a a cikinsu. Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa daga kudu ya iso. Ya nemi kashi ɗaya cikin uku na filin ba tare da biyan haya ba na wasu shekaru, aka ba shi. Shi kuma ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ja wuta, ya kafa manyan gangunan jima guda biyu masu juyawa da inji. Niyyarsa ya riƙa jeme fata da sinadarin kurom, ya fitar da ita da danshinta, shuɗiya, irin wadda 'yan kasuwar fata ke kira wetbulu. Yawancin fatar duniya da kurom ake jeme ta, kuma abin da bagaruwa ke yi a makonni shi yakan yi shi a kwana ɗaya. Matasa kusan ashirin suka samu aiki. Gida goma sha biyu na majema suka sake komawa filin, tunda yanzu akwai ruwa. Wannan ita ce ƙaura ta biyu.

Dokar muhalli ta 1996 ta wajabta a yi nazarin illar irin wannan aiki kafin a fara shi. An yi takardar, na kuma gan ta da idona: ta nuna tafkuna uku a jere da kwata biyu dabam-dabam. Abin da aka yi a ƙasa shi ne rami ɗaya babba, ba siminti ba shimfiɗa, da kwata ɗaya da ke kai masa komai.

A nan ya kamata mai karatu ya san abu biyu. Na farko halin karal. Da damina yakan kumbura ya riƙe ruwa kamar tukunya, shi ya sa wanda ya gan shi a watan Agusta zai rantse ba ya yoyo. Da rani kuwa tsagewa yake yi, tsaga mai zurfin da hannu zai shige har gwiwa, ruwa ya bi ta nan ya gangara. Na biyu halin ruwan jima. Ruwan cire gashi mai farar ƙasa da salfaid ne, ruwan da ake shirya fata da shi kafin kurom kuma mai asid ne. Idan suka haɗu sukan tayar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci kan daina jin ta, ta kayar da mutum nan take. Ga shi kuma fata ba ta shanye kurom duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake fita.

A bazarar 2020 kwatar ta toshe. Wani yaro ɗan shekara goma sha tara ya sauka bakin ramin da shebur don ya buɗe ta, ya sunkuya, ya faɗi. Allah ya sa abokan aikinsa ba su bi shi ciki ba, igiya suka jefa suka maƙalo shi. Ya kwana uku a asibiti, ya tashi. A ranin da ya biyo baya masu lambu uku da ke gabas da filin suka ce ruwan rijiyoyinsu ya yi zartsi, bakin ganyen albasarsu yana ƙonewa. Aka sake komawa fada, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

2021: shekarar da komai ya tsaya

A lokacin wutar arewacin Kamaru ba ta haɗe da ta kudu ba, kuma ƙashin bayanta madatsar Lagdo ce a kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72. A wannan shekara ruwan madatsar ya yi ƙasa ƙwarai, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ganga idan ta tsaya da fata a cikin asid, fatar tana iya lalacewa. Janareta kuma man da yake sha ya fi ƙarfin ribar. Kafin nan ma rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da annobar korona, sun riga sun jijjiga kasuwar.

Mai jarin ya sa ransa a kan wani dillali da ke saya wa kamfanonin Turai. Mutumin ya zo, ya duba fata ya yaba, sannan ya ce a nuna masa inda ruwa ke tafiya. Aka kai shi bakin ramin. Bai yi minti biyar ba ya koma mota. Masu saye a can suna da abin tsoro: tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kurom mai guba a cikinsu ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya, manyan kamfanoni kuma sukan nemi shaidar yadda majema ke yi da ruwanta kafin su sa hannu. Kafin ƙarshen shekara mai jarin ya tattara ya tafi. Ya bar ganguna biyu, da rijiya, da rami.

2022 zuwa 2023: farawa daga ruwa

Wanda ya tayar da maganar ɗan shugaban majema ne, wanda ya karanci harkar ruwa da muhalli a Jami'ar Marwa. Bai zo da zane ba. Ya roƙi kowane gida ya ƙirga bokitin ruwan da yake kashewa a kan kowace fata, na wata ɗaya, ni kuma in rubuta. Dattawa sun ga abin kamar wasan yara. Da aka haɗa lissafi sai ga shi fiye da rabin ruwan a ɗauraya yake tafiya, tiyo a sake yana zuba, kuma ruwan ɗauraya na ƙarshe tsaf yake da za a iya jiƙa sabuwar fata da shi.

Babbar muhawarar a kan kurom aka yi ta. Matasa suna so a ci gaba, tunda ga ganguna a banza. Ɗan shugaban ya yi bayani cewa ana iya ƙwato kurom daga ruwa a sake amfani da shi, amma sai da wasu sinadarai da za a riƙa sayowa daga nesa, da ma'aikacin da ya ƙware, kullum ba fashi. Uban ya tambaye shi a gaban mutane: "To kai da ka yi karatun, in ka samu aiki a Yawunde gobe, wa zai riƙa yi?" Ya ce: "Baba, babu." Aka rufe maganar a nan. Aka yarda bagaruwa kaɗai za a yi aiki da ita a filin, a zuba ta cikin gangunan nan don su rage kwanakin jima.

Tsohon ramin aka bari ya bushe, aka rufe shi da yumɓu da jar ƙasa, aka kewaye shi da waya, aka hana noma da kiwo a kansa. Aka gina kwata biyu na siminti waɗanda ba sa haɗuwa, ɗaya ta ruwan cire gashi, ɗaya ta sauran ruwa, kowace da raga a bakinta mai tare gashi da tsoka. Ruwan cire gashi aka daina zubar da shi bayan aiki ɗaya, sai a tace a ƙara masa ƙarfi a sake. Sauran ruwan yakan kwana a kwarmin siminti laka ta kwanta, ya wuce tafkuna uku marasa zurfi da aka shimfiɗa wa baƙar leda mai kauri, ya ratsa fagen ciyawar jema, ya ƙare a gindin itatuwan bagaruwa da darbejiya da aka dasa a yammacin filin, nesa da lambuna. Gishiri kuwa aka sa doka a kakkaɓe shi a kan tabarma kafin fata ta taɓa ruwa, kuma aka shirya da Sarkin Fawa a riƙa kawo fatun mayanka ɗanyu a ranar da aka yi fiɗa, ba sai an sa musu gishiri ba.

Famfon rijiya aka mai da shi na hasken rana. A daidai lokacin ne kuma tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, masu kimanin megawat 30 a haɗe, suka fara ba da wuta, ɗaukewar ta ragu.

Kuɗin ginin majalisar gari ta ba da kaso mafi tsoka, ƙungiya ta kawo sauran da aikin ƙarfi. Amma abin da ya fi ɗaukar zama shi ne kuɗin kullum. Aka sa sefa 50 a kan kowace fatar akuya ko tunkiya, sefa 200 a kan ƙirgi, ana karɓa a bakin ƙofa. Daga ciki ake biyan mutum biyu albashi, aikinsu share raga, kwashe laka, da duba leda. Yaron da ya faɗi a rami yana ɗaya daga cikinsu, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi tsanani a kan dokar hana sauka kwarmi ba tare da igiya da mutum a sama ba. Masu lambu aka ba su kujera biyu a kwamiti da mabuɗin ƙofar tafkuna, su shiga duk lokacin da suka ga dama.

Ba duk abin da aka gwada ne ya yi ba. An gina rumbun iskar gas don a riƙa dafa ruwa da tarkacen fata. Wata uku ya yi ya mutu, saboda gishiri da salfaid suna kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da kayan su ba da iskar. Kuɗin ya tafi. Leda ta farko ma da aka saya don araha rana ta cinye ta cikin shekara ɗaya, sai da aka sake.

Masu jari sun zo, amma ba irin waɗanda aka kafa wa allo ba. Dukawa shida suka kama rumfuna don su kusanci fata. Wata ƙungiyar mata ta fara karɓar kitsen da ake kankarewa daga ɗanyar fata tana yin sabulu. Manoman masakwa suka fara ɗibar busasshiyar laka da gashi suna kai wa gona, abin da ba zai yiwu ba da akwai kurom a ciki. A ƙarshen 2023 wani mai fitar da kaya daga Duwala, wanda abokan cinikinsa ke neman fatar da aka jeme da tsiro, ya zo ya zagaya tafkunan, ya karanta littafin kwamiti, ya yi hira da masu lambu shi kaɗai. Ya gina rumfar gyaran fata da injin laushi, ya ɗauki mutum tara, ya fara ba da kuɗin kafin alƙalami. Haya yake biya, bai nemi a yafe masa ba.

2024: daminar gwaji

Ambaliyar 2024 ta yi ɓarna mai yawa a jihar, daga Yagwa zuwa Kusiri, har cikin Marwa. Kwamiti ya riga ya ɗaga gaɓar tafkunan ya kuma kwashe lakarsu tun watan Mayu. Da ruwa ya tsananta aka dakatar da jima mako uku, abin da ya jawo surutu sosai daga masu iyali. Tafki na uku ya cika ya malala, amma ta gefen itatuwa, inda aka yi masa hanya. Rijiyoyin lambu biyu daga cikin ukun nan sun dawo ana ban ruwa da su. Ta ukun, wadda ta fi kusa da tsohon rami, an rufe ta, aka haƙa wa mai ita wata.

Yadda nake ganin lamarin

Filin nan ya yi shekara biyar da allo da alkawarin rangwame bai ja kowa ba, domin rangwamen haraji riba yake ƙarawa, wurin da ba ruwa ba hanya kuwa babu ribar da za a ƙara. Mai jari na farko ban ɗauke shi mugu ba. An ba shi fili kyauta, ba a sa kowa ya bi sawun takardar da ya sa wa hannu ba, shi kuma ya rage kuɗi a inda ba mai dubawa. Laifin na gari ne da shi baki ɗaya, har da mu 'yan ƙungiya da muka ga rami ɗaya a maimakon uku muka yi shiru saboda yaranmu sun samu aiki. Wannan shirun yana damuna har yanzu, don saura kaɗan ya ci rai.

Ƙa'idojin da Bankin Duniya da hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar GIZ ta Jamus suka fitar a 2017 kan yankunan masana'antu masu kiyaye muhalli sun sa shugabancin wurin a sahun gaba, tare da muhalli da jama'a da tattalin arziki. Abin da na gani ya gaskata haka. Tafkunan ba wata fasaha ce mai wuya ba, kowane magini a garin zai iya su. Sefa 50 ɗin nan da albashin mutum biyu da mabuɗin da ke aljihun masu lambu su ne suka sa suke aiki har yau. Barin kurom kuma, wanda matasa suka ɗauka ci baya ne, shi ya buɗe ƙofar mai saye na biyu, ko da yake ya rage yawan fatar da filin zai iya fitarwa, kuma wannan asara ce ta gaske.

Da sauran aiki. Hanya har yanzu takan yanke da damina. Gida bakwai suna nan a bakin mayo, sun ce kilomita 4 ta yi wa tsofaffinsu nisa, kuma ba sa biyan ko sisi, abin da ke ɓata wa masu biya rai. Gishiri kuma ba tafki ba ciyawa da ke cire shi daga ruwa, rage shi kawai aka yi. A ranin bana na ga fari-fari ya fara fitowa a ƙasar layin itatuwa na farko, darbejiya huɗu sun zubar da ganye. Kwamiti ya sa batun a zamansa na bayan Sallah, tare da shawarar gina rumfar shanya fata a inuwa don fatun layya su daina shan gishiri.